Gidajen haɗin gwiwa a birane: wa ke da gidan?

Bashir: Abin nan na ci mini rai. Kuɗin haya kullum sama yake yi, amma da ka ambaci gidajen haɗin gwiwa sai a ce tatsuniya ce. Ga LILAC, wata ƙungiyar irin waɗannan gidaje, can a Leeds ta Ingila tun 2013: gidaje 20 na katako da dammunan karan alkama, ga zauren cin abinci da ɗakin wanki na kowa da kowa, kowane gida na biyan kusan kashi 35 cikin ɗari na abin da yake samu. Mutane sun mallaki muhallinsu, sun huta da mai gida.

Injiniya Rabi: Malam Bashir, wace mallaka? Ginin na ƙungiya ne, bashin banki ma nata ne. Kai hannun jari kake tarawa. Ran da za ka tashi, ƙa'idar ƙungiya ce ke yanke abin da za ka karɓa, ba kasuwa ba.

Lawal: To ai nan gizo ke saƙa, Injiniya. Da gangan aka toshe ƙofar sayarwa. A tsarin Mietshäuser Syndikat, wata gamayyar gidajen haɗin gwiwa ta Jamus, kowane gida kamfani ne mai masu hannu biyu: mazauna da uwar ƙungiya. Mazauna suka ce a sayar, uwar ƙungiya ta hau kujerar na-ƙi. Wanda ba a iya kora ko ƙara masa haya da ka, shi ne mai gida.

Injiniya Rabi: Abin da ba ka iya jinginarwa ba naka ba ne. Haya ce mai tsaro, a kira ta da sunanta.

Garba: Ku masu gini dama kun fi son a sayar, can ribarku take.

Injiniya Rabi: Ka iya bakinka, Malam Garba. Ribar me? Ni rufi ne damuwata. In ba a ware asusun gyara tun watan farko ba, rufin ya fara yoyo, danshin karan nan ya haura kashi 20 cikin ɗari, bango ruɓewa zai yi ta ciki ba a gani.

Lawal: Shi ya sa ake ɗaga ginin daga ƙasa, a tsawaita bakin rufi, a yi shafe da farar ƙasa. Siminti ne ke kulle danshi.

Garba: Ba ta ba da amsar maganar riba ba dai.

Hajiya Talatu: Ya isa haka. A taƙaice, an yarda cewa mallakar ƙungiya mallaka ce ta gaskiya, kuma Lawal ya warware batun danshi. Injiniya kaɗai ta rage, kuma ba ta kawo wata hujja ba.