Takardar amincewa a gwajin magani: wa take karewa?

Malam Sani: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana. Duk wanda za a saka a gwajin sabon magani, a ba shi bayani a rubuce da harshen da yake ji, ya tafi da shi gida. Rubutu ba ya canza magana. Ku tuna Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki. Da akwai takarda a hannun kowane uba, da gardamar ba ta kai kotu ba.

Alhaji Issaka: Malam, ai kai malamin makaranta ne, komai sai takarda. Zagaya unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, ƙasar Gana, ka ƙirga tsofaffin da za su karanta shafi goma na Turanci. Ko da harshen Tuwi aka rubuta, muna jinsa, muna ciniki da shi a kasuwar Kejetia, amma mutum nawa ke karanta shi? Da yawanmu allo muka yi. Wa ya taɓa ganin irin wannan takarda da ajami?

Malam Sani: To a rubuta da ajamin, Alhaji. Wannan ba hujjar watsi da takarda ba ce.

Sista Ramatu: Ku yi haƙuri in sa baki, aikina ne. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ce ba a gwajin magani a Gana sai da izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, FDA, kuma kwamitin ɗa'a sai ya duba takardar kafin a kai wa kowa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sannan ya dangwala. Duk wannan daidai ne. Amma Malam, ba karatun ne ya fi wuya ba. Uwa ta zo da yaro jikinsa zafi rau, ta ga farar riga, a ranta duk abin da aka miƙa mata magani ne da likita ya zaɓar wa ɗanta. Alhali a gwaji kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, wani ya samu sabon maganin, wani tsohon, wani ma abin da babu sinadarin magani a cikinsa, kuma sau da yawa likitan kansa bai san wanda ya samu wanne ba. Wannan yana nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Har masu digiri suna karantawa su sa hannu, ka tambaye su su ce ai likita ba zai ba su abin da bai dace da su ba.

Mubarak: Anti Ramatu ta yi gaskiya. A 2004 wasu masu bincike biyu, Flory da Emanuel, sun tattara gwaje-gwaje 42 da aka yi kan hanyoyin ƙara wa mutane fahimta. Gyara takarda da nuna bidiyo ba su cika kawo canji mai yawa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne wani ya zauna da mutum ido da ido su tattauna a tsanake.

Malam Sani: Mubarak, ɗana, in an gama zaman an koma gida fa? Bayan wata uku yaro ya fara amai da tsakar dare, wa za a kira? Lambar tana jikin takarda. Cewa kana da ikon fita daga gwajin ba tare da an hana ka magani ba, yana jikin takarda. Baki yakan manta wannan, musamman bakin mai neman mutane su shiga.

Hajiya Zuwera: Nan kam na bi Malam. Mace ba ta yanke irin wannan shawara a kan bencin asibiti. Sai ta koma ta gaya wa maigida da uwar miji. In ta zo hannu rabbana, me za ta ce musu? In da takarda, ɗanta ɗan sakandare ya karanta wa kowa.

Alhaji Issaka: Hajiya, a garin Hohoe na nan Gana a 2015 ai takardun ba su hana komai ba. FDA ta amince da gwajin rigakafin Ebola, sai labari ya bazu cewa za a ba mutane sidi 200 da wayar hannu, jama'a suka ce sayen su za a yi a sa musu cutar da ba ta shigo ƙasar ba. Magana ta kai majalisa, aka dakatar. Amma a garuruwan Kintampo da Agogo an yi shekaru ana gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S a kan yara har aka fara bayar da shi a 2019. A garin Navrongo, masu bincike sai an gaida sarki an tara gari kafin a shiga gidan kowa.

Sista Ramatu: Ni abin da nake so a tilasta shi ne, kafin dangwale a ce wa mutum ya maimaita da bakinsa: me za a yi masa, wa ke zaɓar maganin, zai iya fita? In ya kasa, a sake bayani, kar a karɓi hannunsa. Takarda mai shafi ashirin lauyoyin kamfani take yi wa aiki.

Malam Sani: A rage ta zuwa shafi biyu, na yarda. Amma kar a sallami kowa ba tare da ita ba.

Alhaji Issaka: In sun rubuta da ajami ka kawo min in gani, Malam. An kira la'asar, na tafi.