Tambaya: Yaushe aka haramta harsashin da ke fashewa a jikin mutum?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani daga masana. Na ji an ce dokar yaƙi ta haramta harsashin bindiga mai fashewa tun ƙarni na 19, amma kuma ga shi an yi amfani da irinsa a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Shin haramcin gaskiya ne, ko kuwa a takarda kawai ya tsaya?

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Haramcin gaskiya ne, kuma daga Rasha ya samo asali. A 1863 sojojin Rasha suka samar da harsashi mai ɗauke da sinadarin fashewa a cikinsa, wanda ke tashi idan ya bugi abu mai tauri, da nufin tarwatsa kekunan da ke ɗauke da albarushin abokan gaba. A 1867 aka sake masa fasali har ya zama yana fashewa ko da abu mai laushi ya taɓa, wato naman jikin ɗan Adam ke nan. Gwamnatin Sarki Alexander na Biyu ba ta so ta yi amfani da shi, ba ta kuma so wata ƙasa ta riga ta, sai ta kira taro a birnin St. Petersburg, inda a watan Disamban 1868 ƙasashe irin su Birtaniya da Faransa da Farusiya (wata masarauta ta Jamusawa) da Daular Usmaniyya suka amince da haramta duk wani harsashi mai fashewa ko mai kama wuta da nauyinsa bai kai giram 400 ba. Hujjarsu ita ce, manufar yaƙi ita ce a raunana sojojin abokan gaba, kuma harsashi na yau da kullum ya isa ya fitar da soja daga fagen daga ba sai an farfasa masa ciki ba. Harsashin igwa bai shiga ciki ba, saboda shi mutane da yawa yake kayarwa a lokaci guda. Amurka, wadda aka yi amfani da harsashin Gardiner mai fashewa a yaƙin basasarta, ba ta sa hannu ba.

Tsohon Soja:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ganina ƙasashen sun riƙe alkawarin ne muddin bai tsaya musu da tsada ba. Da jiragen balan-balan na Jamus suka fara jefa bama-bamai a Landan a yaƙin duniya na farko, harsashi na yau da kullum huda su kawai yake yi ya wuce, iskar haidurojin da ke cikinsu ba ta kamawa. Sai Birtaniya ta haɗa harsasan Brock da Pomeroy masu fashewa da na Buckingham mai kama wuta a bindiga guda, wani ya yaga fatar jirgin, wani ya cinna wa iskar wuta. Da harsasan Brock da Pomeroy ne matuƙin jirgin Birtaniya William Leefe Robinson ya kakkaɓo jirgin SL 11 a watan Satumban 1916, mutanen Landan suna kallonsa yana ci da wuta a sama. A yaƙin duniya na biyu kuwa, Jamus da Tarayyar Sobiyet duka suna da harsashi mai fashewa da aka ce don ganin inda harbi ya sauka aka yi shi, amma maharban ɓoye na ɓangarorin biyu sun juya shi kan mutane a fagen daga na gabashin Turai.

Hajiya Lauya:
Ɗan'uwa mai tambaya, a kula kada a haɗa wannan da harsashin dam-dam, wanda ba ya fashewa, buɗewa yake yi a cikin jiki, kuma shi taron Hague na 1899 ne ya haramta shi. A yau fahimtar da ta fi rinjaye ita ce, halal ne a harbi jirgi ko mota da ƙaramin harsashi mai fashewa, haramun ne a nufi jikin mutum da shi. Wannan ne ya sa ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta nuna damuwa kan harsashin Raufoss na Norwe mai faɗin milimita 12.7, domin an ƙera shi ne don motoci da kayan yaƙi, amma babu abin da ke hana maharbi saita shi kan mutum.