Me za mu kira fim ɗin da aka shirya amma ba a ɗauka ba?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina rubuta wani bayani ne kan Stanley Kubrick, daraktan nan Ba'amurke da ya koma Ingila da zama har ya mutu a can a watan Maris na 1999, sai kan magana ya maƙale mini. Turawa suna da abin da suke kira unrealized projects, wato finafinan da mai ba da umarni ya ƙudura, ya sha wahalar shirinsu, amma ba su taɓa zuwa gaban 'yan kallo ba. Da na rubuta "finafinan da bai yi ba" sai na ga ai ni ma akwai finafinan da ban yi ba, duk na duniya kuwa. Ina neman kalmar da za ta nuna cewa an yi aiki, an kashe kuɗi, sannan abin bai yiwu ba.

Ga misalin da ke gabana don ku gane nauyin abin. Bayan 1968 Kubrick ya tasar wa yin fim kan rayuwar Napoleon, sarkin yaƙin Faransa. Ya ɗauko Felix Markham, malamin tarihi a jami'ar Oxford, ya zama mai ba shi shawara. Aka haɗa masa katuna kimanin 25,000 a cikin durowa, ta yadda in ya zaro ɗaya zai ga inda Napoleon da na kusa da shi suke a rana kaza, da abin da suke yi. Ya tura mutane suka ɗauko hotunan wuraren da za a yi aikin, dubbai. Ya yi magana da gwamnatin Romaniya kan ta ba shi aron sojan ƙasa 40,000 da mahaya dawaki 10,000 don fagen yaƙi. Har kakin soja na takarda mai ƙwari aka gwada, wanda za a saka wa waɗanda ke can nesa da kyamara don a rage kuɗin ɗinki. Rubutun fim ɗin ya kammala a 1969. Kamfanin MGM, wanda a lokacin ta kansa yake yi, ya janye. A 1970 kuma wani fim na Sergei Bondarchuk kan yaƙin Waterloo ya fito bai mai da kuɗinsa ba, sai masu kuɗi suka ji ko sunan Napoleon ba sa son ji. Ko minti ɗaya na labarin ba a ɗauka ba. To wannan fa, me sunansa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Yaya ai wannan ba sai an wahala ba. Ɓari ne. An ɗauki ciki, an yi laulayi, an sayi kayan jariri, ciki ya zube. Ka rubuta "ɓarin fim" ka wuce, kowa zai gane.

'Yar Damagaram: Ƙanena, kowa zai gane, amma ba kowa zai ji daɗi ba. Matar da ta taɓa yi ba ta son ta buɗe wayarta ta ga an ɗora kalmar kan silima. Ku maza kuna faɗinta da sauƙi. A nemo wata.

Ɗan Fagge: Hajiya a gafarce ni, ban kawo wannan ba. Amma ai ɓari ba na ciki kaɗai ba ne, yaro ma yana ɓarin kunu.

Malamin Hausa: Gaskiyar Hajiya, kuma ko da an ajiye wannan hujjar akwai biyu a bayanta. Ta farko ita ce wadda Ɗan Fagge ya ambata da kansa. Tunda ɓari yana ɗaukar ma'anar zubewar abu, wanda ya ga "ɓarin fim" a kan labari zai iya zaton fim ne ya kuɓuce ya bazu a wayoyi kafin ranar fitarsa, kuma wannan ita ce damuwar da 'yan fim suka fi sani yau. Ta biyu ta fi muhimmanci a gare ni. Abin da ya ɓare ya tafi, ba a kwashe shi. Shi kuwa aikin Napoleon bai tafi ba. Binciken da Kubrick ya yi kan sutura da zaman mutanen Turai na wancan zamani, da burinsa na ɗaukar hoto da hasken kyandir ba fitilar lantarki, su ya juye cikin fim ɗinsa Barry Lyndon da ya fito a 1975, inda ya yi amfani da gilasan kyamara na kamfanin Zeiss waɗanda asali don NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, aka ƙera su. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu. Takardun kansu suna nan a ajiye a wata jami'ar fasaha da ke Landan tun 2007, kuma a 2009 kamfanin Taschen ya buga su a littafi. Abin da mutum zai iya zuwa ya taɓa da hannunsa ba a ce ya ɓare.

Ni da son raina ne da na ce "binne", irin shukar da manomi ke yi kafin ruwa ya sauka, in ya zo ta tsiro, in bai zo ba shi ke nan. Sai dai na san yaran birni za su ɗauka binne gawa nake nufi, don haka na janye ta da kaina.

Mai Tace Hoto: Allah gafarta Malam, bari mu da muke cikin sana'ar mu sa baki. Matsalar ita ce Turawan sun zuba abubuwa daban-daban cikin buhu ɗaya, mu kuwa a wurin aiki ba ɗaya ba ne, domin asarar ba ɗaya ba ce. Fim ɗin da ba a fita lokeshan ba daban, wanda aka fara ɗauka aka tsaya daban, wanda aka gama aka tace aka kulle a durowa shi ma daban.

Na tsakiyar nan ni "kango" nake ce masa, kuma na ji wasu ma suna faɗi. An ɗora bulo har linta, ba rufi. Ku dubi Orson Welles, wani darakta Ba'amurke. Ya fara ɗaukar fim ɗin Don Quixote a Meziko a 1957, galibi da kuɗin aljihunsa. In ya samu aikin fitowa a fim ɗin wani, sai ya karɓi ladan ya kira 'yan wasansa a ɗan ƙara ɗauka. Ana haka jarumin, Francisco Reiguera, ya mutu a 1969. Shi kansa Welles ya mutu a 1985 bai haɗa shi ba. A 1992 wani darakta ɗan Sifen, Jesús Franco, ya harhaɗa abin da ya samu ya fitar, masana da yawa ba su gamsu ba. Akwai kuma wani nasa da ya ɗauka daga 1970 zuwa 1976, rigimar kuɗi da ta kotu ta riƙe shi, sai a 2018 Netflix ya fitar da shi bayan an kammala tacewa. Kun ga kango ne aka zo daga baya aka rufa. Kalmar ta zauna daram, domin kango yana iya zama gida in magada sun yi zuciya.

Na ukun kuwa ko 'yan kasuwar Kwari sun riga mu raɗa masa suna: kwantai. A 2022 kamfanin Warner Bros ya ajiye fim ɗin Batgirl bayan an gama ɗauka, an kashe wajen dala miliyan 90, ya ce ba silima ba intanet. Kaya ga su, an hana su shiga kasuwa.

Ɗan Fagge: Kwantai ai kayan da aka kai kasuwa ba a saya ba ne. Wannan ko kasuwar bai je ba.

Mai Tace Hoto: Haka ne, akwai ɗan bambanci. Amma in na ce wa furodusa "fim ɗin nan ya yi kwantai a hannunka", ba zai tambaye ni ko ya je kasuwa ba. Ya san an gama, kuɗi bai dawo ba. Ni dai na bar ta haka.

Mai Fassara: Na karɓi kango hannu bibbiyu, kwantai ma ba laifi. Sai dai har yanzu nawa na farko ne ba shi da suna, kuma shi ne mafi yawa a wurin Kubrick. Akwai wani da ya shirya a farkon shekarun 1990 kan wata mata da yaro, Yahudawa, da suke ɓuya a Foland lokacin mamayar 'yan Nazi. Ya zaɓi jaruma, Johanna ter Steege 'yar Holan, an gwada mata kaya, an duba wuraren ɗauka. Sai darakta Steven Spielberg ya fito da nasa kan kisan Yahudawa a 1993, Kubrick ya ajiye. Na so in ce "yasasshen fim", to wannan ya dace da shi tunda da kansa ya yar. Amma Napoleon bai yar da shi ba, kuɗi ne suka guje shi. In na sa su duka ƙarƙashin "yasassu" na ɗora masa laifin da ba nasa ba.

'Yar Damagaram: Malam, kun yi ta zagaye Turai da Amurka, ga namu a kusa. Ousmane Sembène, daraktan nan na Senegal, ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da burin fim kan Samori Ture, wanda ya yi ta gwabzawa da Faransawa har suka kama shi a 1898, ya rasu a Gabon a 1900. Ya yi bincike, ya rubuta, kuɗin da za su ɗauki yaƙi irin wannan ba su samu ba. Ya rasu a Dakar a 2007 bai ɗauka ba. Ni in ina ba wa yarana wannan labari, abin da zai fito daga bakina shi ne "ya so ya yi, Allah bai nufa ba". Wannan ita ce Hausar. Ba ta zargi darakta ba, ba ta zargi mai kuɗi ba, ta ɗauki wanda mutuwa ta tare da wanda talauci ya tare.

Malamin Hausa: Hajiya kin faɗi yadda Bahaushe ke magana, ba ja. A cikin jimla ba abin da ya fi ta, kuma Mai Fassara ya yi amfani da ita a jikin rubutunsa. Inda take gazawa shi ne kan magana da rarrabewa. Kangon Welles Allah bai nufa ba, kwantan Warner ma Allah bai nufa ba, sai mu koma buhu ɗayan da muka tsere masa. Kuma ɗalibin da zai rubuta kundi yana buƙatar abin da zai jera a jadawali.

Ga abin da na gani. Duk waɗannan da ake magana, na Napoleon da na Samori da na matar Foland, abu ɗaya ya haɗa su: iyakarsu takarda. Rubutu, zane, katuna, lissafin kuɗi, hotunan wurare. Shi Napoleon ma har kakin sojansa na takarda ne. Sai mu ce "fim ɗin da ya tsaya a takarda", jam'i "finafinan da suka tsaya a takarda". Ku lura da "tsaya". Kada a yar da ita a ce "fim ɗin takarda" ko "fim a takarda kawai", domin kunnen mutanenmu ya saba jin haka a kan kwangilar da aka ci kuɗinta, rijiyar burtsatse da ke cikin fayil amma babu ita a gari. Akwai warin yaudara a ciki. "Ya tsaya" kuwa tana nuna tafiya aka fara, aka zo nan aka ƙare.

Ɗan Fagge: Malam wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Yaya kalma ya nema.

Malamin Hausa: Na Turawan ma kalma biyu ce, ɗana. Kuma "mai ba da umarni" da kake faɗi kullum kalma nawa ce? Hausa ba ta jin nauyin suna mai tsawo in ya fito da ma'ana.

Mai Tace Hoto: Ni ta yi mini, don in na faɗe ta a gaban mai riƙe fitila ko mai kwalliya ba sai na yi bayani ba. Ƙari ɗaya: Turawa suna da development hell, halin da fim ke shiga ana ta sake rubutu, ana canza darakta, shekaru suna wucewa, ba a ce an fasa ba, ba a kuma fara ba. Wannan kada kowa ya wahalar da kansa, jiran gawon shanu ne. Fim yana jiran gawon shanu, in an fitar da rai sai a ce ya tsaya a takarda. Napoleon ɗin ma yanzu ya koma layin jiran, tunda Spielberg ya ce tun 2013 zai mai da rubutun shiri mai dogon zango, ya kuma sake faɗi a birnin Balin na Jamus a 2023 cewa kashi bakwai za a yi wa tashar talabijin ta HBO.

Mai Fassara: To saura ɗaya da ke ba ni ciwon kai. Kubrick ya daɗe yana shirin wani fim kan yaron da aka ƙera, mutum-mutumi mai neman soyayyar uwa. Ya yi ta jinkiri yana jiran fasahar kwamfuta ta kai inda yake so. Bayan mutuwarsa Spielberg ya ɗauki zane-zanen da bayanan ya yi shi, ya fito a 2001 da sunan A.I. Fim ɗin ya fito, amma ba a hannun mai shi ba. Na yi tunanin in ce "fim ɗin gado", tunda gadonsa aka yi.

Ɗan Fagge: Yaya rufa mana asiri! Rubuta "fim ɗin gado" ka gani in Hukumar Tace Finafinai ba ta aiko a kira ka ba. A rubuce ai gadon kwana da gadon mamaci duk ɗaya ne.

'Yar Damagaram: Wannan karon yaron nan ya fi ku gaskiya.

Malamin Hausa: Ka ce "wanda ya bari wani ya ƙarasa". Ba kowane abu ne sai an raɗa masa suna ba, irinsa ba su da yawa.

Mai Fassara: Shi ke nan. Kan maganar zai zama "Finafinan Stanley Kubrick da suka tsaya a takarda". A.I. zan ware shi a ƙarshe da bayanin Malam. Zan ambaci Samori na Sembène a sakin layi na biyu da kalaman Hajiya, in ta yarje. Kango kuma na ajiye shi sai ranar da na zo kan Welles. Na gode, Allah Ya bar zumunci.

'Yar Damagaram: Na yarje, amma ka rubuta Ture yadda muke faɗi, kada ka bi rubutun Faransawa.

Ɗan Fagge: Na bi jama'a. Amma duk ranar da wani ya samo kalma ɗaya tilo, a buɗe maganar nan a sake zama.