Shari'ar fyaɗe: shin maganar wadda aka zalunta ita kaɗai ta isa hujja?

Uwargida_Zazzau:
Assalamu alaikum. Masana shari'a, ina jin masu fafutuka na kira da a gyara dokar shaida a Najeriya, domin alƙali ya iya yanke hukuncin fyaɗe da bayanin wadda aka yi wa kaɗai. Wasu kuma sun ce an daɗe da gyarawa. Wanne ne daidai, kuma me ya rage?

Barista_Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kowa da gaskiyarsa. Sashe na 200 na Dokar Shaida ta 2011 bai ƙayyade yawan shaidu ba, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Posu ta 2011 ta ce doka ba ta wajabta wata hujja mai ƙarfafa maganar mai ƙorafi ba, sai dai an fi so a samu. Wannan "an fi so" ɗin ne alƙalai da yawa ke riƙewa tamkar wajibi. Sashe na 234 kuma ya hana lauyan wanda ake tuhuma tono tarihin mu'amalar mace da wasu maza sai da izinin kotu. A tsohuwar doka ana iya kawo shaidar cewa ba ta da kamun kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 209. Yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ƙaramin sashe na 3 ya hana ɗaure mutum da irin wannan shaida sai da wata hujja da ke nuna shi ne. To, mai lalata yarinya ba ya gayyatar 'yan kallo. Duk gyaran da bai taɓa wannan sashe ba, a ganina, bai yi komai ba.

Sista_Asibiti:
Barista, hujjar da kuke nema a ranar farko take lalacewa. Uwa takan yi wa yarinya wanka da ruwan zafi ta wanke kayan, don kunya da tausayi. Kada a yi wanka, kada a wanke tufafi. A sa kowanne daban a ambulan ta takarda, ba a leda ba, domin danshi na ruɓar da samfurin. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato.

Likita ba ya rubuta "an yi fyaɗe", wannan aikin alƙali ne. Abin da ya gani yake rubutawa: wurin rauni, girmansa, sabo ne ko tsoho. Rashin rauni kuma ba ya nufin ba a yi ba.

Malam_MaiGabatarDaƘara:
Ranka ya daɗe Barista, ban goyi bayan a soke 209(3) kai tsaye ba. A Kaduna, tun gyaran 2020, hukuncin fyaɗen ƙaramar yarinya ya kai dandaƙa da kisa. Hukunci mai nauyi haka yana son hujja mai nauyi. Gara a gyara yadda ake tattara ta.

Rahoton likita yana nuna an kusanci yarinya, ba ya nuna wanda ya yi. Abin da ke ɗaure mutum shi ne gwajin ƙwayar halitta, ko wanda ya gan su tare, ko ikirari. Ikirarin kuwa da an zo kotu sai wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi, a shiga shari'a cikin shari'a, watanni su tafi. Sashe na 15(4) da na 17 na dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015 sun ba da damar ɗaukar bayanin a bidiyo, gaban lauyansa. Saƙonnin WhatsApp kuma ana fatali da su idan babu takardar shaida ta sashe na 84 na Dokar Shaida. Sannan a nemo takardar haihuwa tun da wuri, domin a sashe na 282 na Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, idan aka tabbatar yarinya ba ta kai shekara 14 ba, maganar "da yardarta" ba ta da gurbi.