Wai da gaske karamar bindigar hannu ta taba fasa tankar yaki?

Dan Fagge: Salam yan uwa. wani bidiyo ne yake ta yawo a Facebook wai a yakin Hitila sojan Jamus suna da fistol da take fasa tanka, harbi daya kawai. ni dai nace karya ce wlh, abun da zaka rike da hannu daya ina shi ina tanka. masana ku warware mana

Oga Welda: Wa alaikassalam. ba karya bace gaba daya Dan Fagge, gishiri dai aka zuba. asalinta ma ba ta harbin mutum bace, bindigar ishara ce irin wadda ake harba wuta ja ko kore sama da daddare dan a sanar da sauran runduna wani abu. kamfanin Walther ke kera ta, bakinta kato ne milimita 26.5, karya ta akeyi a tsakiya a saka harsashi guda daya a maida. to daga baya sukace tunda ga katon baki kuma an riga an raba ta ko ina me zai hana a cusa mata abun fashewa

Dan Fagge: to naji, abun fashewa daban fasa tanka daban oga

Malamin Tarihi: Ku bi a hankali, harsasan ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙarami mai lamba 326 da ake sakawa ta baya kamar harsashin ishara, yana da fukafukai huɗu a wutsiya saboda cikin bututun sumul ne, babu abin da zai juya shi. Abin fashewar da ke ciki bai kai giram 10 ba. Akwai mai lamba 361, shi gurnetinsu ne mai siffar ƙwai, samfurin 1939, aka dasa a kan sanda. Sandar ake zurawa ta bakin bindigar, gurnetin yana waje, a harba ya tafi kamar mita 70 zuwa 80, bayan daƙiƙa huɗu da rabi ya tashi. Duk waɗannan na mutane ne da ramukan mashinga. Na tanka shi ne Panzerwurfkörper 42.

Maman Ummi: Malam dan Allah wannan sunan sai a hankali 😂 giram 10 kuma? ai magi uku ne ko kasa

Oga Welda: Hajiya shiyasa sojojin basu yi murna dashi ba ai. sun ma yi wata bindigar daban mai tsagi a cikin bututu wanda yake murda harsashi dan ya tafi saiti, suka buga mata harafin Z a gefe dan kar a hada ta da ta ishara, amma matsalar na nan, abun da zai wuce ta bututun milimita 26 nawa zai dauka. shine dalilin da yasa manyan suke zama a waje, jela kawai ke shiga ciki. na tankar nan kansa milimita 61 ne nauyinsa kusan giram 600, a takarda yana huda karfe milimita 80. ni da nake yanka karfe kullum nasan 80 ba wasa bane, narkar dashi yake kamar wutar gas dinmu

Malamin Tarihi: Oga, a nan ban yarda da kai ba. Ba narkarwa yake ba. Gaban nakiyar an yi shi da rami mai siffar mazurari, an lulluɓe da ƙarfe marar kauri. In ta tashi sai ƙarfen nan ya matse ya zama siririn tsinke mai gudun kilomita da yawa a daƙiƙa ɗaya, matsin ne ke ture sulken gefe. Shi ya sa saurin harsashin ba shi da muhimmanci, ko ɗora shi ka yi da hannu zai huda. Haka Jamusawan suka yi wa ganuwar Eben-Emael ta Beljiyam a Mayun 1940.

Dan Fagge: to kenan mai bidiyo yayi gaskiya?? karfen gaban tankar Rasha T-34 ai milimita 45 ne nagani

Tsohon Soja: Yaro takarda daban fili daban. 45 din nan a kwance yake, an karkatar dashi digiri 60, hanyar da zaka bi ka huda ta koma kusan 90. shi kuma 80 din sai in ka same shi a mike sak. gefe ko baya yafi yiwuwa, amma tsaya kaji, nisan harbin bai wuce mita 70 ba, abun yana tafiya a hankali yana lankwasowa kasa, tankar tana motsi, bayanta akwai sojan kasa da bindigar PPSh suna feshi, kai kuma harsashi daya gareka kafin ka sake lodi. kuma ka harba giram 600 daga bindigar hannu kaji yadda wuyan hannunka zaiyi, dole tasa suka kara mata kota mai nadewa da abun saiti suka kira ta Sturmpistole. in ka dafa abu a kafada da hannu biyu ai ya tashi daga fistol

Oga Welda: Baba duk da haka wanda ya zauna ya tsara wannan kwakwalwa ce, kayan da ke hannu yayi amfani dasu

Tsohon Soja: kwakwalwa ko rudewa. tun da suka shiga Rasha a Yunin 1941 suka hadu da tankokin T-34 da KV igwarsu ta milimita 37 ta zama abun dariya, sojojin da kansu suka sa mata suna mai kwankwasa kofa. wanda ruwa ya ci ko takobi ka mika masa kamawa zaiyi

Maman Ummi: kakanmu yaje yakin nan fa, ko ya ganta

Malamin Tarihi: Hajiya, in Boma ya je kamar yawancin mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82, da Japan suka gwabza, ba da Jamus ba. Ni hujjata ɗaya ce a kan maganar Ɗan Fagge: da ta yi aiki, da ba su bar ta ba. A 1943 Panzerfaust ya fito, bututu ne mai araha, a harba a yar, babbansa na huda milimita 200, aka ƙera miliyoyi. Tun 1942 ma akwai kofin harba gurneti da ake ɗaurawa a bakin doguwar bindigarsu Kar98k, ya fi ta nisa. Inda fistol ɗin ta ɗan samu gurbi shi ne cikin tankar kanta: a wasu tankokin Jamus, Panther da Tiger, akwai kafa a rufi da ake harba ƙaramin harsashi mai lokaci ta ciki, ya fashe kusa, don korar masu hawowa.

Oga Welda: amma Malam bindigar M79 din Amurka ta yakin Biyetnam fa, karyawa a tsakiya, harsashi daya, gurneti. ba tunanin daya bane?

Tsohon Soja: shi milimita 40 ne da kota tun daga masana'anta, kuma ba wanda ya taba tura ka ka tari tanka dashi

Dan Fagge: ni dai har yanzu ba wanda ya kawo min tanka daya tak da aka tabbatar ita ta kona. Oga in ka samu ka turo, data na ya kusa karewa