Furen da ake ci da wanda ba a ci: wace ce ta taɓa sa fure a kek?

Maman Ilham: Assalamu alaikum mutanen zaure. Don Allah ina neman shawara, an ba ni odar kek na kamu ranar Asabar, amarya ta turo min hoto wai lallai fure na gaske take so a kai ba na roba ba. Zan iya siyo rose wajen masu saida furanni na bakin titi in wanke in jera?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Kai a'a Maman Ilham kar ki soma. Waɗannan don ado ake shuka su, feshin maganin ƙwari ake musu ba ƙaƙƙautawa, wani maganin ma ta saiwa yake shiga jikin shukar, to wankin me zai fitar da shi. Shi rose ɗin kansa ana ci, da shi ake ruwan wardi ai, amma sai wanda kika san ba a fesa ba.

Maman Ilham: Tabɗi, ashe da na kwafsa. To ya zan yi da amarya

Ummu Sadik: Ki yi mata da zoɓo mana. Mu fa mun daɗe muna cin fure ba mu ankara ba, wannan jan da muke jiƙawa kofin da ke riƙe furen yakuwa ne, bayan furen ya faɗi shi sai ya yi kauri ya yi ja. Ni abin da nake yi, in tsince masu kyau waɗanda ba su kakkarye ba, in ɗauraye sau uku saboda yashi, in dafa da sukari da 'yar citta a wuta kaɗan kaɗan har ruwan ya yi danƙo, sai in tsame in shanya a faranti. Wallahi in kika jera a kan farin kek kamar yaƙutu, ga ɗan tsamin nan yana kashe zaƙi. Amma ki bari ya tsane sosai, na taɓa gaggawa jan ya zubo ya ɓata min kirim gaba ɗaya sai da na sake.

Anti Bilki: Zoɓon nan namu na Jigawa har Meksiko ake fitar da shi buhu buhu, mu muna nan muna raina shi

Hajiya Babba: 'Ya'yana ku ƙara da furen zogale. Mu tun muna yara in ya yi fure ake tsinkowa a soya da ƙwai da albasa, ko a zuba a ruwan zafi a sha kamar shayi. Sai dai a karkaɗe shi tukuna, ƙananan ƙwari na maƙalewa a ciki, a jiƙa a ruwan gishiri na ɗan lokaci za ku ga sun taso. Kanumfarin da kuke zubawa a kunun aya ma ai fure ne da bai kai ga buɗewa ba aka busar.

Ummu Sadik: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, na kanumfari kam yau na fara ji

Yaya Zee: Furen kabewa fa, Italiyawa tsoma shi suke a kwaɓin fulawa su soya. Na gwada da na bayan gidanmu, da sassafe ake cira lokacin yana buɗe, kuma namijin za ki cira mai siririn kara, macen tana da 'yar kabewa a gindi in kika cire ta kin yi asarar kabewa guda. Ki zare tsinken tsakiyan, ki leƙa ciki ko da zuma, ni saura kaɗan ta harbe ni.

Hajiya Babba: Sai abu ɗaya da zan ja kunnenku. Akwai kurya, wasu na cewa gurjiya, bishiya mai jan fure da ake busar da gindin furen a daka a yi miya mai yauƙi. Akwai kuma kariya, wannan gajeriya mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda da ake sawa a tukunya a ƙofar gida. Suna ya yi kama amma kariya dafi ce, da ruwanta ake shafa wa kibiya a da. Haka zaƙami mai farin fure kamar kakaki, da tumfafiya, ko kusa da faranti kar su zo. In yaro ya ci a tafi asibiti nan take, a riƙe reshen a nuna wa likita.

Anti Bilki: Zoɓon ma da yawa yana sauke hawan jini, mai shan magani da mai ciki su tambayi likitansu kafin su maida shi ruwan sha. Na ado a kek dai ɗan kaɗan ne.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Zoɓon zan yi. Ummu Sadik kofi nawa na sukari kike sawa, kuma in na yi ranar Alhamis zai kai Asabar?

Ummu Sadik: Kofi ɗaya na zoɓo kofi ɗaya na sukari, ruwa kofi ɗaya da rabi. Zai kai, ki sa a firji cikin roba mai murfi, amma kar ki jera sai za a fita da kek ɗin. Ki turo mana hoto.