Maigida a Finland: me ya taɓa karya maka gwiwa a matsayinka na namiji?

Mai buɗe zance, Vantaa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da muke yi a raɓe bayan sallar Juma'a, kowa ya ja amininsa gefe. Maza da dama a cikinmu suna jin kamar ƙasar nan ta zare musu girman maigida. A can gida kai ne mai cefane, kai ne mai haya, kai ake jira. Nan kuwa tun 1906 mata suka samu damar zaɓe da tsayawa takara, a 1907 su 19 suka shiga majalisa, wata mace, Tarja Halonen, ta shugabanci ƙasar daga 2000 zuwa 2012. Ko haraji ma, miji da mata kowa nasa ake lissafa masa daban. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, maza da mata. Don Allah banda gori.

Tsohon malamin sakandare, Espoo:
Wa'alaikumus salam. Maiɗakina ce ta fara zuwa, aikin jinya ya kawo ta, ni na biyo da yara. Mutumin da ɗalibai ke miƙewa in ya shiga aji, sai ga shi yana koyon gaisuwa da ƙirga ɗaya, biyu. Wallahi samunta bai dame ni ba, addu'a nake mata kullum. Abin da ya ci ni zaman banza ne. A watan Disamba rana ba ta cika awa 6, kowa ya fita, ka zauna kai da taga. Wata rana wasiƙa ta zo da sunana, na juya ta, na sake juyawa, ƙarshe na miƙa wa 'yata ta firamare. Ta karanta, ta ɗago ta ce, "Baba, ka gane ko in sake?" Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma ranar abinci bai shiga ba.

Aikin raba jarida da tsakar dare na fara samu, ana hawa bene ana sauka cikin ƙanƙara. Albashin farko na sayo buhun shinkafa da kaji, na ɗauko da kaina har kicin. Daga ranar barcina ya dawo.

Uwargida, Tampere:
Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Amma ku ji namu ɓangaren. Kuɗin yara da Kela, hukumar tallafin jama'a ta ƙasar nan, ke biya duk wata har su kai shekara 17, asusuna yake shiga, kuma shi maigidan ne ya ce a yi haka. Lafiya lau muke zaune, sai ranar da yayyensa suka kira ta bidiyo suka gan shi da jaririya a kafaɗa yana juya miya, ni ina wurin aiki. Shi ke nan, wai an shanye shi, wai ya zama mijin ta ce. Ya daɗe ba ya leƙa kicin, fuskar nan a murtuke. Ba daga bakina kalmar ta fito ba, ba kuma daga mutanen ƙasar nan ba. Daga gida ta zo, daga waɗanda kuɗin da muke turawa ke yi wa cefane.

Baban 'yan biyu, Oulu:
Gaskiyarki Hajiya. Tun watan Agustan 2022 doka ta ba uwa kwana 160, uba kwana 160 na hutun raino, wanda ya so ya bar wa ɗayan har kwana 63. Na ɗauki nawa. Abokan aikina a masana'anta, ƙarti ne da suka yi aikin soja na dole, su ne ke tura keken jarirai a titi, ba mai ɗaga ido ya dube su. A asibitin awon yara, wanda suke kira neuvola, ni ake tambaya yadda yaran ke ci da barci, kuma ina da amsa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Wa ya fi shi mazantaka?

Dattijo, Turku:
Yarana, ba kowa ne ya dace kamar ku ba. Nawa auren a nan ya mutu. Aikina ya tsaya, muna zaune da baƙi ana shan shayi, ta ce, "Me kake kawowa gidan nan?" Yara na ji. Talauci na san shi tun ina yaro, ban taɓa jin kunyarsa ba, amma cin fuska a gaban 'ya'ya ba ya warkewa da wuri. Daga nan babban ya daina amsa kirana. Ku kuma sani, tun 1984 doka ta hana dukan yaro a ƙasar nan. Wanda da bulala ya saba riƙe gida, sai ya koyi zama da ɗansa su yi magana.

Ango, Helsinki:
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ni amaryata na nan tafe, takardunta sun fito, kuma karatu za ta ci gaba. Me zan fara yi?

Uwargida, Tampere:
Ƙanena, tun ba ta hau jirgi ba ku yi maganar kuɗi: wa zai biya haya, nawa za a riƙa tura wa iyayenka, nawa nata. Ku shiga ajin koyon harshen tare. In 'yan'uwanka sun kira kana wanke-wanke, ka ɗaga wayar a haka, tun yanzu su saba.